Meep: kyauta ne kuma yana aiki, amma a kula da plis da mwen

Ƴan uwa masu memwar kan anten ko optik a jami'ar Abdou Moumouni da makarantar injiniyoyi ta EMIG, ga ra'ayina kan Meep, lojisiyel ɗin simulasiyon na ond elektromanyetik (haske da siginal ɗin rediyo) da ƴan MIT na Amurka suka yi. Ba kuɗin lisans ba komi, ko dala ba za ka biya ba, da Python ake sarrafa shi, a Linux yake zama, mai Windows sai ya bi ta WSL, wato Linux a cikin Windows. Tsohuwar ordinater ma tana ja in dai 2D ne, 3D kam RAM yake ci ba wasa, ga zafin Yamai fanka sai kuka.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne permitivite (epsilon, ε, lambar da ke nuna yadda kaya ke amsa wutar ond) na kayan da ke shanye wuta, kamar ruwa ko jiƙaƙƙar ƙasa. Wajen rubuta yadda ond ke juyawa da lokaci, Meep hanyar ƴan fizik ya bi, exp(-iωt), wato kayan da ke asara epsilon ɗinsu ε' + iε'' ne, ε'' shi ne ɓangaren asarar. COMSOL kuwa, wani lojisiyel ɗin simulasiyon, da yawancin littattafan telekom exp(+jωt) suke bi, sai abin ya koma ε' - jε''. Ruwa a 2,45 GHz wajen 78 - j10 ne gun injiniya, 78 + i10 gun ɗan fizik, ruwan dai guda ne, ba wanda ya yi ƙarya. Amma ka kwaso mwen ɗin nan daga littafi ka zuba a Meep, to ka ce ruwa na ƙara wuta kenan, siginal maimakon ya mutu sai ya yi ta hawa har lissafi ya watse.

Kuma fa Meep a cikin lokaci yake lissafi, ba ka rubuta masa epsilon mai i kai tsaye. Sai ka ba shi ε' sannan D_conductivity = 2πf ε''/ε', f ɗin (frekans) ma a ma'auninsa inda gudun haske c = 1, kuma kusa da wannan frekans ɗin kaɗai yake daidai, in band ɗinka da faɗi sai model ɗin Lorentz ko Drude, masu bin canjin epsilon da frekans. Dokimantasiyon ta yi bayanin nan tsaf har da misali, na yaba, sai dai da ingilishi take, mu ƴan faransanci sai a hankali.

Ba fenetir ta zane, komi da kod ne, wanda ya saba danna suri zai sha wuya satin farko. Ni dai na ba shi 8 cikin 10. Kafin babban aiki, ku sa faranti ɗaya na kayan ku aika wuta ta ratsa, in abin da ya fito ya fi wanda ya shiga ku juya alamar.