Sabon rediyo a tsohuwar Corolla, da abin da na gani a hannun masu wayarin biyu

Motata Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Amurka, ta shigo ta Kwatano. Shekara shida ke nan tana hannuna, kuma kusan kowane mako sai na bi hanyar Kano zuwa Kaduna da ita saboda aiki. Tafiyar ta haura kilomita 200, ni kaɗai a mota, don haka rediyo a wurina abokin tafiya ne. Wanda ya zo da motar ya yi iya yinsa. Ƙurar hunturu ta shekaru ta cika shi, wata rana ya haɗiye faifan karatun Alƙur'ani ya ƙi fito da shi, daga nan sai FM kawai. Ga shi duk abin da nake son saurare yanzu a waya yake, shi kuwa tsohon ba shi da inda zai karɓi waya ko filashi. Akwai kuma matsalar da na daɗe ban gane kanta ba: bai taɓa kama tashoshin matsakaicin zango garau ba. Sai daga baya aka yi mini bayani cewa rediyon da aka ƙera don Amurka goma-goma yake tsallakawa a zangon AM, mu kuwa tashoshinmu tara-tara aka jera su. Rediyon Tarayya Kaduna yana kan 594, shi kuma nawa daga 590 sai ya dira 600, kullum a gefen tashar yake tsayawa.

A watan Maris na shiga Sabon Gari neman sabo. Abin da ya cika shaguna yanzu shi ne manyan alluna masu Android, inci 9 ko 10, kamar talabijin a gaban direba. Suna da kyau a ido, kuma kyamarar baya da ake haɗa musu tana da amfani, ban musa ba. Amma na zauna a motar wani abokina da rana tsaka na ga nasa ya ɗauki zafi ya daskare, taswira ta tsaya cak, sai da ya kashe mota ya sake tayarwa. Irin marasa sunan nan ne. Kuma ni ba na son abin da zai sa in ɗauke ido daga titi a tsakanin tirelolin Kwanar Dangora. Maɓalli nake so wanda yatsana zai lalubo ba sai na duba ba. Sai na koma ɓangaren ƙananan, irin na kamfanonin Japan da aka sani, su Pioneer da Sony da Kenwood da JVC, na ɗauki ɗaya daga cikinsu. Ba zan kama sunansa ba kada a ce talla nake yi. Siriri ne, faɗinsa milimita 180, tsayinsa 50, ba shi da wurin faifai, yana da Bluetooth da wurin filashi, kuma fuskarsa tana cirewa.

Da zan biya, mai shagon ya ɗago wata 'yar leda mai tarin wayoyi kala-kala da soket fari a ƙarshensu, ya ce, "Alhaji, haɗa da wannan, na Toyota ne." Na ɗauka neman ƙarin ciniki yake, na ce a'a. Firem ɗin roba da ke cike gurbin tsohon rediyo kawai na karɓa. Kuɗin ledar nan bai kai na man da nake sha daga Kano zuwa Zariya ba, kuma ita ce silar duk abin da ya biyo baya.

Wani matashi ne ya sa mini, a wata rumfa a bakin titi. Yana da fara'a, hannunsa da sauri. Ya ɓalle robar dashbod, ya zaro tsohon rediyon, ya duba soket biyu na motar, ɗaya mai rami goma ɗaya mai shida, ya ga ba su dace da bayan sabon ba. Kafin in buɗe baki ya sa filaya ya datse su. Har yanzu ina jin ƙarar a kunnena. Ya feƙe wayoyin da haƙori, ya murɗa kowace da wata, ya naɗe da baƙin salatif, ya tura komai ciki. Minti 40 bai cika ba rediyo na magana. Da na zare makulli na ga bai mutu ba, na tambaye shi. Ya ce, "Oga, haka sababbin suke, ai ya fi ma, kana iya jin labarai ba makulli." Na yarda, na biya shi, har da na shan ruwa.

Tun a hanyar gida na ji sautin ba shi da ciki. Murya tana fita amma kamar daga cikin gwangwani, kuma in na taka totur sai wani siririn kuka ya taso a sifika, yana hawa yana sauka tare da injin. Na ce ƙila saiti ne. Ranar Juma'a na ajiye motar, ban taɓa ta ba sai asubahin Litinin da zan kama hanyar Kaduna. Na murɗa makulli, ko fitilar dashbod ba ta kawo ba. Maƙwabta ne suka fito suka taimaka da wayar jona batir, na isa wurin aiki bayan azahar. Mako biyu bayan haka, a tsakiyar zafin Afrilu, sifikar ƙofar dama ta fara ɗaukewa in na faɗa rami, kuma wani yammaci na ji ƙaurin roba yana fitowa ta ramin iska. A nan ne hankalina ya tashi da gaske. Yarana suna shiga motar nan.

Bakanikena ne ya tura ni wurin wani dattijo mai wayarin, ya ce in je da haƙuri don ba ya sauri. Na same shi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, da tabarau ɗaure da zare, da akwatin ƙarfe cike da tsofaffin soket. Na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Bai taɓa rediyon ba tukuna. Ya cire kan batir na baƙar waya, ya jona mita a tsakani, ya sa aka rufe ƙofofi, ya zauna yana kallon lambar. Ya ce mota lafiyayya in tana kwance ba ta jan wutar da ta wuce miliamfiya 50 daga batir, tawa kuwa ta ninka haka sau da yawa. Sannan ya buɗe dashbod ya jawo dunƙulen wayoyin. Salatif ɗin ya narke ya zama danƙo, ya zame daga mahaɗa uku, jan ƙarfe a fili, ɗaya har ya yi baƙi inda yake gogar ƙarfen mota. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, Allah ya tsare ka. Wa ya yanke soket ɗin?" Na ce, "Baba, a gabana aka yi." Bai ƙara cewa komai a kan yaron ba.

Ya zaunar da ni kan benci ya nuna mini wayoyin sabon rediyon ɗaya bayan ɗaya, ya ce launukan nan ba don ado aka yi su ba, kusan duk kamfanonin sun bi tsari guda. Ruwan ɗorawa ita ce ke da wuta kullum daga batir, don rediyo ya riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye. Ja ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, ita ce ke tayar da rediyon ta kuma kwantar da shi. Baƙa ta jikin mota ce. Yaron bai tsaya neman wayar makulli ba, sai ya murɗe ja da ruwan ɗorawa wuri ɗaya ya ɗora su a kan mai wuta kullum, shi ya sa rediyon bai taɓa barci ba, ko na kashe shi da hannu yana shan batir a hankali dare da rana. Baƙar kuwa ya maƙala ta a wani kusa da ke kan fenti, ba ta kama ƙarfe sosai ba, daga nan kukan cajar injin yake samun hanyar shiga sifika.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya gano dalilin rashin cikin sautin. Wayoyin sifika takwas ne, biyu-biyu: farare na gaba hagu, masu ruwan toka na gaba dama, koraye na baya hagu, masu launin shunayya na baya dama, kuma a kowane biyu mai baƙin layi ita ce ta komawa. Baba ya ɗauko batirin tocila mai volt 1.5, ya ce in cire murfin ƙofa in sa ido a kan takardar sifikar. Ya dangwala wayoyi biyu a kan batirin, sifikar ta ce ƙwas, takardar ta turo waje. Ya koma ɗaya ƙofar ya yi haka, sai takardar ta shige ciki. Ya ce, "Ka gani? Wannan tana turawa, waccan tana ja. Iskar da ɗaya ta turo ɗaya ke shanyewa, ina za ka ji nauyin sauti?" An juya wayoyin ƙofar dama ne kawai. Shekara da shekaru ina shiga mota ban san batirin tocila zai iya faɗin wannan ba.

Gyaran ya ci yini guda. Ya aiki yaronsa Ƙofar Ruwa ya samo soket biyu da aka yanko da jelarsu daga wata Corolla da aka farfasa. Ya mayar da su jikin wayoyin motata launi da launi, kowace mahaɗa ya narka mata dalma, ya zura mata 'yar robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta. Ba salatif ko ɗaya. Ni kuma na koma shagon farko na sayi ledar da na ƙi, mai shagon ya miƙo mini bai ce uffan ba. A kan tebur Baba ya haɗa ta da wayoyin rediyon, sannan ya kawo mota ya danna soket cikin soket, ƙas. Yanzu ko gobe na so mayar da tsohon rediyo, zarewa kawai zan yi. Ya kankare fenti ya ɗaure baƙar waya a ƙarfe tsirara, ya duba fis mai lamba 10 da ke bayan rediyon, ya bi da wayar makirfon amsa kira ta ƙarƙashin roba har saman gilashi kusa da kaina, ba a ganin ta. A ƙarshe ya shiga saiti ya mayar da tsallaken AM daga goma zuwa tara. Da ya tayar da mota mita ta nuna volt 14 da 'yan ɗigo a batir, ya taka totur har ƙasa, sifika shiru. Ya zare makulli, rediyo ya mutu nan take. Kuɗin aikinsa ya ninka na yaron sau uku, kuma ban nemi ragi ba.

Wata bakwai ke nan, na wuce sauran bazara da damina gaba ɗaya da shi, don haka zan iya faɗin ra'ayina a kan na'urar kanta. Bluetooth ɗin shi ne babban abin da na samu. Ina shiga mota yake kama wayata, karatu ya ci gaba daga inda ya tsaya, in kira ya shigo maɓalli ɗaya nake dannawa hannuna na kan sitiyari. Mahaifiyata ta ce tana jina sarai, sai dai in na sauke gilashi iska ta rufe muryar. FM yana kamawa fiye da tsohon. Freedom a kan 99.5 tana raka ni nesa da inda take yankewa a da, kuma tashoshin matsakaicin zango yanzu a kan lambarsu yake tsayawa.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗi kowa. An rubuta ƙarfin sautinsa wat 50 sau huɗu da manyan baƙi, amma wannan ƙololuwar ɗan lokaci ce. Abin da yake bayarwa a ɗore bai wuce wajen wat 20 ga kowace sifika ba, kuma a cikin littafinsa ma haka aka rubuta da ƙananan baƙi. Ga mai jin karatu da labarai da tafsiri wannan ya isa har ya yi yawa. Wanda yake son mota ta riƙa girgiza sai ya ƙara amfilifaya, wannan kuma wani aikin ne da wata wayar mai kauri da fis ɗinta daga batir, ban shiga ba.

Akwai abubuwan da ba su yi mini ba. Ɗan allonsa layi ɗaya ne, da rana tsaka in haske ya doke shi ba na iya karanta komai. Ba ya gane rubutun Larabci a sunan fayil, sai ya nuna taurari ko ya bar wurin wayam, haruffanmu masu lanƙwasa ma haka. Filashin farko da na sa ya ƙi karantawa sai da aka goge shi a kwamfuta aka mayar da shi tsarin FAT32. Kuma surori a hargitse yake kawo su, har sai da na zauna wani dare na sa musu lamba daga 001 zuwa 114, na kwafe su a jere. Tun daga nan bai sake rikita su ba. Cire fuskar kuwa na saba, in zan shiga kasuwa ko masallacin Juma'a sai in zare ta in sa a aljihu.

Sabon rediyon ya tona asirin sifikokin baya. Tsofaffi ne, rana ta shekara ashirin tana dukansu ta gilashin baya, robar gefen ta hagu ta ruɓe, in sauti ya yi nauyi sai ta riƙa karkarwa kamar takarda a bakin fanka. Na mayar da sautin gaba kafin in samu sarari. Baba ya auna su, ya ce masu faɗin inci 6 da tsawon inci 9 ne, masu om 4 a ma'aunin lantarki, in sayo irinsu in kawo, ya kuma ja mini kunne kada in bari kowa ya faɗaɗa ramin da wuƙa. Ƙarshen watan nan in Allah ya yarda zan koma ƙarƙashin darbejiyar.