Umarni a dunƙule ko umarni daki-daki: wanne ya fi fitar da hoton da ake so?

Hajiya, kin tambaya ko jimla guda ta isa a ba manhajar ƙirƙirar hoto, ko kuwa sai an tsara umarni daki-daki, tunda kina son hoton tallar shagon ɗinkinki kafin sallah.

Umarni a dunƙule, kamar "mace sanye da kayan sallah", yana da sauri, kuma yana da amfani idan dabara kawai ake nema. Illarsa ita ce duk abin da ba ki faɗa ba, na'ura za ta cike shi da abin da ta fi gani. Waɗannan manhajoji sun koyi aikinsu ne daga ɗimbin hotunan intanet waɗanda akasarin bayanansu da Ingilishi aka rubuta, kuma hotunan ƙasarmu kaɗan ne a ciki, shi ya sa sau da yawa sai ta fito miki da abaya irin ta Larabawa ko ɗaurin kai irin na Legas.

Umarni daki-daki kuwa yana toshe wannan ƙofa. Ki fara da mutum: Bahaushiya mai kimanin shekara 30. Sai sutura: riga da zane na shadda shuɗiya, da aiki a wuya, da kallabi da gyale a kafaɗa, da lalle a hannu. Sai wuri: ƙofar zaure mai zanen gargajiya irin na tsofaffin unguwannin Maradi. Daga nan sai hasken la'asar, da ɗaukar hoto tun daga kai har ƙafa, domin ɗinkin ake talla, ba fuska ba. Wannan ya fi cin lokaci, amma idan kuskure ya fito kin san sashen da za ki gyara, ba sai kin rushe komai ba.

Manhajojin ma sun bambanta. A Midjourney ana ƙara --ar 9:16 a ƙarshe don samun hoto na tsaye da zai cika fuskar waya. Nau'ikan farko na Stable Diffusion, wadda ta fito a 2022, guntayen kalmomi 77 kawai suke karantawa, don haka abu mafi muhimmanci shi ake sawa a gaba. ChatGPT ya fi gane cikakkun jimloli.

A ganina, ga talla, na daki-daki ne ya dace da ke. Ki rubuta shi da Faransanci ko Ingilishi, sannan sunan shago da lambar waya ki ɗora su da kanki daga baya, domin na'ura takan ɓata haruffanmu masu lanƙwasa.