Tantin Gwanjo a Gindin Dutsen Kerang

A hannun wani ɗan gwanjo na sayi tantin nan a Kaduna, mai cin mutum biyu, bayan ya rantse mini cewa ko a ƙanƙara aka kafa shi ba zai ba ni kunya ba. Da hunturun bana ni da abokina muka ɗora kekunanmu a mota zuwa Jos, daga can muka taka ta Bukuru da Mangu har Panyam, muka gangara Kerang, inda tsoffin duwatsu masu aman wuta suke jere kamar an kife ƙwarya.

Wajen ɗauka dai ba ni da ƙorafi. Idan an naɗe shi bai fi taburmar sallah ba, ya zauna daram a kan kariyar keke, ko a hawa ban ji nauyinsa ba. Sanyi ma ya tare. Jos kanta ta kai mita 1,200 a sama da teku, kuma duk wanda ya saba da zafin Kaduna zai sha mamaki da asuba. Raɓa ta jiƙa bayansa sharkaf, amma ko ɗigo bai shigo ba.

Turakun ne matsala. Siraran ƙarafa ne kamar tsinken tsire, ƙasar wurin kuwa cike take da baƙin dutse mai ramuka, wanda narkakken dutsen da ya kwarara ya bari bayan ya huce. Bugu biyu, turke ya lanƙwashe. Kafin magariba huɗu sun tashi aiki. Wani dattijo Mwaghavul da muka nemi izinin kwana a gefen gonarsa ta dankalin turawa ya tsaya yana kallonmu, ya ce, "Samari, ga duwatsu Allah ya ba ku, kuna faɗa da ƙasa?" Muka ɗaure igiyoyin a jikin manyan duwatsu, iskar dare ta yi iya yinta, tanti bai motsa ba.

Zif ɗin ƙofar kuma ya cije a dare na biyu, bayan mun dawo daga tafkin Pidong da ke cikin ramin wani dutsen. Sai da na goga masa kyandir ya saki.

Zan sake fita da shi, in Allah ya yarda. Amma tuni na kai wa wani mai walda a Kakuri rodi ya yanko mini turaku takwas masu kauri.