Ɗan jagoran maƙabartar Turawa a Zungeru: ya cancanci kuɗinsa

Duk mai niyyar zuwa tsohuwar maƙabartar Turawa ta Zungeru, wato Dungurum, a ƙaramar hukumar Wushishi ta jihar Neja, shawarata ita ce ya nemi ɗan gari ya raka shi. Ni wani dattijo aka haɗa ni da shi. Ba shi da ƙayyadadden farashi, abin da ya sawwaƙa kake ba shi, amma kada ka yi masa rowa.

Da ni kaɗai ne, da ciyawa da duwatsu kawai zan gani. Malam kuwa ya san inda kowane kabari yake, har waɗanda rubutunsu ya goge. Shi ya bi da ni tarihin daki-daki: a 1902 Lugga (Lugard), Baturen da ke shugabantar mulkin mallaka a Arewa, ya taso da hedikwatarsa daga Jebba ya kafa a nan, garin ya cika da sojoji da akawuna da leburori, kafin a kwashe komai zuwa Kaduna bayan shekara goma sha wani abu. Hatta gadar ƙarfen Lugga sai da aka ciro ta, aka kai ta lambun shaƙatawa na Gamji a Kaduna. Matattun ne kawai aka bari. Ya ce yawancinsu zazzaɓi ne ya kwantar da su, ba yaƙi ba, kuma duk wanda ya kwana da sauron bakin kogin Kaduna ba zai yi masa musu ba.

Inda na ga gazawarsa shi ne saurin komawa kan Zik (Nnamdi Azikiwe) da Ojukwu. Eh, a Zungeru aka haife su, ɗaya a 1904, ɗayan a 1933, amma ai ba wannan ya kawo ni maƙabarta ba. Da na ce, "Baba, su kuma 'yan ƙasa da suka yi dako suka shimfiɗa layin dogo, ina aka binne su?" sai ya yi ɗan jim, sannan ya shiga labarin da ya ji daga bakin iyayensa. Nan ne fa hirar ta yi daɗi, amma sai ka tambaya zai faɗa.

Ka je da sassafe, da rani ya fi, ka sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da maciji. Ka riƙe ruwan shanka, don ban ga mai sayarwa a kusa ba.