Farin 1973: taskar intanet ko bakin dattawa?

Mai son gano yadda farin 1973 zuwa 1974 ya yi wa Arewa da Nijar illa yana da hanyoyi biyu a gabansa.

Ta farko ita ce taskokin intanet. Shafin Archivi.ng yana ɗora tsofaffin jaridun Najeriya, shirin Endangered Archives na ɗakin karatun British Library kuma ya ɗauki hotunan tsofaffin takardu daga ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya. Amfanin takarda shi ne kwanan wata. Ita za ta tabbatar maka cewa a watan Afrilun 1974 Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin shugaban Nijar Diori Hamani, ana tsaka da ƙorafi kan rabon kayan agaji. Sai dai yawancin jaridun lokacin da Turanci ko Faransanci aka buga su, a birane, kuma bakin hukuma suka fi ɗauka.

Ta biyu ita ce bakin dattawa. Dattijuwa a ƙauyen Daura ko Maraɗi takan rikita shekara, amma ta san wace rijiya ce ta ƙafe, shanun wa suka ƙare, wane ganye aka dafa da hatsi ya yanke, su wa suka tafi cin rani Kano ba su komo ba. Wannan babu shi a jarida.

Ni dai da dattawan zan fara. Wanda yake da shekara 20 a lokacin, yau ya haura 70. A nemi izininsu, a naɗi muryarsu da waya, a rubuta suna da gari da ranar hirar, sannan a koma taska a daidaita shekarun.