Mata a gyaran hanyar karkara: kuɗin yini ko yankan aiki?

A ƙauyukan Soba ko Kauru na jihar Kaduna, tsarin biya ne ke sa mata su zauna a aikin hanya ko su bari. Kuɗin yini yana ɗaure mace daga safe har la'asar, mai goyo da girki ba ta jurewa, sai namiji ya maye gurbinta.

Yankan aiki ya fi. A auna wa ƙungiyar mata yankinsu: su yashe lambatu da kwalbati kafin damina ta kankama, su cike ramuka da marmara mai ɗanshi, su daɓe sosai, su bar tsakiyar hanya da tudu don ruwa ya gangara gefe. Wadda ta gama da hantsi ta koma gida. Matsalarsa awo ce: in mai duba aiki ya makara, kuɗi ya maƙale, mata su watse.