Holta ko gwajin EP: wanne za a fara yi wa mai bugun zuciya?

Malam, Allah ya ba maiɗakinka lafiya. Ku fara da Holta, wato na'urar da ake sa wa mutum ta riƙa rubuta bugun zuciyarsa, ka riƙe kuɗin gwajin EP, wato gwajin hanyoyin lantarkin zuciya ta hanyar zura wayoyi cikinta, a aljihu tukuna.

Ka ce shekarunta 34, zuciyar kan tashi farat ɗaya kamar sau biyu a mako, ta yi 'yan mintoci tana gudu sannan ta tsaya da kanta, ECG, wato gwajin da ke zana lantarkin zuciya a takarda, ya fito lafiya, wani asibiti ya ce Holta, wani kuma ya ce EP. To wannan ECG ɗin bai wanke ta ba. Daƙiƙa 10 kacal na'urar ke ɗauka, kuma an ɗauka ne lokacin da zuciyar ke zaune lafiya. Abin da likita ke nema shi ne rubutun lantarkin zuciyar a daidai lokacin da abin ya motsa, kuma aikin Holta ke nan.

'Yar na'ura ce da ba ta kai girman wayar hannu ba, sunanta ya samo asali daga Norman Holter, Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta. Ana manna faci 3 zuwa 7 a ƙirji, a rataya ta a wuya ko a ɗamara, mutum ya koma gida ya ci gaba da harkarsa. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, duk tana rubutawa. Babu allura, babu kwanciya a asibiti, babu hasken hoto na X-ray. Sau da yawa mace ta shekara ana ce mata tsoro ne, ko ulsa, ko iska, sai a ɗora mata wannan 'yar aba, ta rubuta a takarda cewa da ƙarfe 4:20 na yamma ƙirjinta ya fara dukan uku-uku, likita ya buɗe daidai wurin ya ga zuciya ta tashi daga 80 zuwa 190 a bugu ɗaya. Magana ta ƙare, ciwo ya samu suna, har dangin da ke cewa shagwaɓa ce su yi shiru.

Sai dai ga inda mutane ke asarar kuɗi. Holta ta awa 24 ta mai fama kullum ce. Wadda abin ke zuwar mata sau biyu a mako, mai yiwuwa ta mayar da na'urar ba a kama komai ba. Ka nemi ta kwana 7, ko irin facin nan guda ɗaya da ke kaiwa kwana 14. Idan ta awa 48 ko 72 kaɗai suke da ita, a ɗora a ranakun da abin ya fi zuwa. Ka tambayi sashen zuciya na Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko na Asibitin Koyarwa da ke Gwagwalada, da cibiyoyin zuciya masu zaman kansu, wace iri ce a hannunsu da kwana nawa take yi, kafin ka biya.

Abin da ya fi ɓata sakamako a Abuja gumi ne, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Facin ya saki, rubutun ya cika da hayaniya, kwamfuta ta karanta shi a matsayin ciwo. Ta yi wanka kafin ta je, kada ta shafa mai ko hoda a ƙirji, a goge fatar da sifirit ta bushe, a ƙara filasta a kan kowane faci. Mai wayoyi ba a wanka da ita. Alwala ba matsala tunda ba a wanke ƙirji, a dai kiyaye ruwa ya zubo kan na'urar. Kuma kada ta kwanta tana lallaɓa jiki don an sa mata na'ura: ta hau bene, ta yi shara, ta sha shayinta yadda ta saba, ta riƙa rubuta lokaci da abin da ta ji. Holta ba tare da wannan takardar ba rabin aiki ce.

A haɗa da gwajin jini mai sauƙi: PCV (ma'aunin yawan jini), potasiyam, da tayirod. Ƙarancin jini, zazzaɓi, goro, Nescafé, lemukan ƙara kuzari, maganin mura da na asma duk suna sa zuciya gudu alhali wayoyinta, wato hanyoyin lantarkin da ke cikinta, lafiya lau. Idan ba ta daɗe da haihuwa ba, a yi eko, wato sikanin zuciya, domin raunin naman zuciya bayan haihuwa sananne ne a Arewa, an daɗe da bayyana shi a Zariya.

Gwajin EP kuwa aiki ne na ɗakin tiyatar zuciya, ba a yinsa don kawai a gani. Kamar a fasa bango ne a bi wayar gida, alhali ba a ma tabbatar wane ɗaki ne wuta ke ɗaukewa ba. Za ta yi azumin kamar awa 6. Ana tsayar da magungunan saita bugun zuciya kwanaki kafin ranar, da umarnin likita, don in suna jiki sai su ɓoye ciwon. Ana gwajin ciki tukuna saboda hasken hoto. A yi allurar kashe zafi a matsematsin cinya, a huda babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, a zura siraran wayoyi 2 zuwa 4 ana kallonsu a allo. Ɗaya a saman ɗakin zuciya na dama na sama, ɗaya a kan mahaɗar lantarkin ɗakunan sama da na ƙasa da ake kira His, ɗaya a jijiyar da ta zagaya bayan zuciya, ɗaya a ɗakin dama na ƙasa. Daga nan a auna tsawon lokacin da saƙon lantarki ke ɗauka daga wannan tasha zuwa waccan. Tazarar da ake kira HV, misali, lafiyayyiyarta milisakan 35 zuwa 55 ce; idan ta kai 70 ga mai yawan suma da ECG ya nuna toshewar reshen wayar lantarkin zuciya, maganar fesmeka, wato na'urar saita bugu da ake dasawa a ƙirji, ta taso. Sannan likita ya riƙa tsokanar zuciyar da ƙananan bugu na lantarki, wani lokaci da ruwan maganin isoprenaline mai sa zuciya gudu, har ciwon ya tashi a gabansa. Awa 1 zuwa 4, sai kwanciya a miƙe na wasu awanni don kada hujin ya yi jini, da kamar mako guda ba ɗaukar kaya mai nauyi.

Yawanci ana gamawa lafiya, amma akwai abin da kan faru: jini ya taru a cinya, a taɓa jijiyar da ke kusa, jini ya daskare a ƙafa, ko, da wuya, waya ta huda bangon zuciya jini ya taru a jakarta. Abin da ya fi ciwo ga mai biya daga aljihu shi ne a yi ta tsokana ciwon ya ƙi tashi a ranar. Ko kuma wani bugu daban ya tashi wanda ba shi ne ke damunta ba. In babu rubutun Holta a hannu, da me za a kwatanta?

Inda EP ya yi wa Holta nisa shi ne magani. Holta ba ta warkar da kowa. Idan rubutun ya nuna SVT, wato saƙon lantarki ya samu ƙarin hanya yana zagaye a kai, to a zama ɗaya ake gano hanyar a ƙona ta da zafi ko a daskarar da ita. A nau'in da ya fi yawa ga mata masu shekarunta, AVNRT, nasarar ta haura kashi 95 cikin ɗari a hannun ƙwararre, haɗarin lalata babbar wayar lantarkin zuciya har a buƙaci fesmeka kuma bai wuce kusan kashi 1 ba. Saboda haka in lokacin ya zo, kada ka yarda da EP tsurarsa. Ka biya EP da ƙonawa tare, huji ɗaya, kuɗin ɗaki ɗaya. Idan kuma Holta ta nuna AF, bugun nan maras tsari, ba a buƙatar EP don gane shi, maganar farko ita ce kariya daga shanyewar ɓarin jiki. Wanda ake wucewa da shi EP ba jira shi ne mai suma tare da tsohon ciwon zuciya, ko wanda ECG ɗinsa ya nuna alamar WPW, wato ƙarin hanyar lantarki da ake haihuwar mutum da ita. Haka in an yi ta sa na'ura ba a kama ba alhali alamun SVT ne sak, likita na iya cewa a shiga EP.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu yawo da akwati da laftof a ofisoshi da harabar masallatai, su ba mutum wani ƙarfe ya riƙe minti ɗaya su ce sun duba zuciya, hanta da ƙoda, sannan su fito da kwalaben magani. Wannan abin ba ya auna lantarkin zuciya ko kaɗan. Haka agogunan hannu masu arha da ake tallatawa a WhatsApp wai suna ECG. Ka ɗaura wa ƙafar kujera, wasu sai su nuna maka bugun zuciya 72. Na gaske irin KardiaMobile ko Apple Watch suna ɗaukar layi ɗaya na daƙiƙa 30 kuma suna taimakawa, amma likita ne zai karanta. A wurin Holta ma ka tambaya wa zai duba rubutun, don wasu takardar kwamfuta kawai suke bugawa su buga hatimi. Ka ce a ba ka hotunan layukan, ba taƙaitawa kaɗai ba. Wanda ya ce EP kuma, ka nemi sunan likitan da zai riƙe wayar da rajistarsa ta MDCN, wato hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, ko mazauni ne ko mai zuwa lokaci-lokaci, wa zai duba maiɗakinka in matsala ta taso bayan ya tafi, kuma a rubuta maka ko kuɗin ya haɗa da wayar ƙonawa. Masu wannan aikin kaɗan ne a ƙasar nan, don haka wanda ke gaggawar karɓar kafin alƙalami bai ga rubutu ko ɗaya ba, ka tashi.

Kafin a samu na'urar, ku san wurin da ke da ECG mafi kusa da gida. Da abin ya tashi ku tafi a ɗauka yana kan yi, ku ɗauki hoton takardar da waya nan take don tawadarta na gogewa. Idan ya zo da suma, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ko ya wuce minti 20 bai tsaya ba, sashen gaggawa za ku nufa, kuma kada ita ta tuƙa motar.